Maruƙan Aro na Honarabul

Sau ɗaya tak Aondoaver ya yi kansila, amma har gobe in ka kira shi ba ka sa Honarabul ba sai ya haɗe rai. Da siyasa ta yi masa tutsu, ya sayi fili a bayan Azuba, ya zuba baƙaƙen shanun madara masu ciki, ya kafa allo mai hotonsa da na wata saniya, wanda ya kusa kai garken girma.

Iveren, 'yar ƙanwarsa, likitar dabbobi ce. Ita ke duba shanun, don uwarta ta roƙe ta.

Wata Asabar ya kira ta gonar. Yana cikin mota, gilashi rabi a rufe saboda warin kashin shanu.

"'Yata, na sa ranar buɗe gona. Manya za su zo, har da 'yan jarida. Ina so su tarar da maruƙa. An ce akwai allurar da ke sa saniya ta haihu."

"Akwai, Kawu, furostagilandin ake ce mata. Amma mahaifar saniya na haɗa nata. Akwai wasu inzayim a ciki, kamar masu girki ne, ba sa ɗora tukunya sai ɗan ya ƙosa. Naka da saura. In aka yi musu yanzu ɓari za su yi."

"An riga an buga kati," in ji shi, ya ƙarasa rufe gilashin.

Bai sake nemanta ba. Wani mai kemis a Akurba, wanda ke jera maganin ɓera da na gashi a kanta ɗaya, shi ya zo ya tsira wa shanun allura. Maruƙan suka faɗo ko tsayuwa ba sa iyawa, ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Da shanun suka dami Honarabul da nishi, mai kemis ya ɗirka musu maganin kashe ciwo, irin wanda ke daƙile waɗancan inzayim ɗin. Mabiyiya ta ƙi fita, ta fara ruɓewa a cikinsu.

Sai a lokacin aka tuna da lambar Iveren. Ta yini a durƙushe, hannunta har kafaɗa a cikin saniya, ƙudaje sun yi mata rumfa. Honarabul na can gindin mangwaro da hankici a hanci.

"Wannan warin zai tafi kafin ranar taro?"

Ta ɗago ta dube shi, daga jar hularsa har takalmin da yake ɗagewa kar ya taɓa laka. Ta mai da kanta ga saniyar.

Ranar taro sai ga a-kori-kura daga Doma ɗauke da maruƙan aro, farare tas, da ɗan tozonsu. Aka ɗaura musu ƙyalle ja a wuya, aka tura su ƙarƙashin baƙaƙen shanu. Wata saniya ta shinshina nata, ta yi masa harbi ɗaya, ya koma gefe yana kuka. Manyan baƙi suka tafa, wai lafiya ce ta yi wa shanun yawa. Honarabul ya yi dogon jawabi a kan kiwon zamani, sannan ya miƙo wa Iveren makirfo.

"Ga likitarmu, ta faɗa muku sirrin."

"Lokacin maganin shanu ya yi, Kawu," in ji ta. Ta ɗauki jakarta ta shige garke.

Ta ci gaba da zuwa har suka warke, don shanun ba su yi mata laifin komai ba. Biyu ba su ƙara ɗaukar ciki ba, ya sayar wa mahauta. Kafin damina ta fita ya sayar da sauran, ya sa aka goge saniyar da ke kan allon aka zana tarwaɗa.

Uwarta ta same ta da maganar, wai kawunta na neman mai duba masa kifi.

"Mama, ki ce masa ba mu kai nan a makaranta ba."