Rubutun da ke Cikin Murfi

Ranar Talata Dokta Midhat ya shigo shago da agogo a naɗe cikin hankici, kamar wanda ya ɗauko jariri. Ba likita ba ne. Wata biyu ya taɓa yi a birnin Janiba na Suwizalan wajen ƙanwarsa, tun da ya dawo kasuwar Attarin ake ce masa Dokta, shi kuma bai taɓa hana kowa ba.

Tun rasuwar Baba shi kaɗai ne dillalin da ke kawo mini aiki. Sauran sun ce hannun mace yana da danshi, yana sa inji tsatsa. Shi kam yana zuwa duk Talata, ya zauna, ya sha shayi, ya cika ni da surutu. Sauran kwanakin daga ni sai agogunan bango goma sha ɗaya, kuma babu biyu a cikinsu da bakinsu ya zo ɗaya.

"Sausan, wanke hannu tukuna," in ji shi. "Wannan na shekarar hamsin da takwas ne. Daga Suwizalan sai hannun wani Basha mai sarauta, daga hannun Basha sai nawa. Ba a taɓa buɗe shi ba. Iskar da ke cikinsa ma ta Turai ce."

"To kar mu buɗe, ya Dokta, kar ta tsere."

"Ke dai bakinki ne ya hana ki miji. Mai sayen ɗan Kuwait ne, hoton injin yake so. A hankali fa."

Na sa gilashin ido. Baba bai koya mini wannan aikin ba, ya ce in yi karatu. Bayan an binne shi na samu gwangwanin biskit cike da matattun agoguna, a kansu na koya, na kashe waɗanda ba su gama mutuwa ba.

Agogon mai kyau ne, wannan ba ƙarya. Kusurwoyin jikinsa da kaifinsu, ba wanda ya goge shi don ya yi sheƙi. Fuskarsa ta asali ce, ta tsufa bai ɗaya, launin shayi da madara. Sai dai hannun minti ya fi na awa fari. Kan da ake wana shi ya ɗan yi masa girma. A bakin murfin baya kuma ga ƙarzanen wuƙar buɗewa, har biyu.

"Bashan nan yana da farce," na ce.

Na buɗe. Injin tsaf, ba tsatsa. Na juya murfin in duba cikinsa, sai na tsaya.

Duk mai gyaran da ya buɗe agogo yana ƙarza harafinsa da kwanan wata a cikin murfi da bakin allura, don na bayansa ya san an zo. Ga harafin Fa, na Usta Fahim, wato Baba, da shekarar saba'in da tara. Ƙasa kaɗan, Fa kuma, casa'in da ɗaya. Tara ɗinsa ta karkata gefe kamar tana jin barci. Baba bai taɓa rubuta wasiƙa ba. Rubutunsa duka yana ɗaure a hannuwan mutanen Iskandariyya, ko ɗaya ban da shi a gida.

"Me kika gani?"

"Iskar Attarin ce a ciki, ya Dokta. Babana ya shaƙe ta Turan tun saba'in da tara."

Ya karɓi gilashin, ya sa a ido a juye, ya daɗe yana kallo.

"Allah ya ji ƙan Usta," ya ce. "Goge rubutun, 'yata. Aikin minti biyu ne."

"Agogon nan yana tafiya ne don an buɗe shi an sa masa mai. Ka gaya wa mutumin hannu ɗaya da kan da ake wana shi ba na asali ba ne, saura duka lafiya. Zai saya."

"Ba lafiya ya zo saya ba. Wanda ba a taɓa ba yake so." Ya gyara wuyan rigarsa. "In ba za ki iya ba akwai masu iyawa a unguwar Manshiyya. Kuma ƙafata da shagon nan, shi ke nan."

Na dubi kujerar da yake kai. In ban da shi, ba wanda ya zauna a kanta cikin shekara biyu.

"Miƙo murfin," na ce.

Ya miƙo, ya koma ga shayinsa, ya shiga ba ni labarin yadda ake gaisuwa a Janiba. Na ɗauki allura. A ƙarƙashin Fa ta biyu na ƙarza Sin, harafin sunana, na sa kwanan watan ranar. Danshin hannun ma bai fito ba. Na nuna masa kafin in rufe.

"Ni ma na buɗe," na ce. "Ka'ida ce."

Bai yi faɗa ba. Ya naɗe agogon a hankicinsa, ya bar rabin shayi, ya fita yana taka ƙasa a hankali irin na mutanen Janiba.

Na san kafin la'asar ɗin Laraba wani a Manshiyya ya goge murfin fes. Ban damu sosai ba. Ko ba komai tare aka goge mu, ni da Baba.

Talatar da ta zagayo na manta na sa aka kawo shayi biyu. Na sha nawa. Da ɗayan ya huce na shanye shi ma, sannan na tashi na wana agogunan bango.