Garin Kifin Kausar

Fa'iza ta zagaye damtsen Kausar da ma'aunin nan mai launi uku, ta duba, ta sake dubawa. Sati biyu da suka wuce yana tsakiyar rawaya. Yau ya matso bakin ja, launin haɗari, saura ƙiris.

"Inna, kina ba ta garin kuwa?"

Ƙande ta gyara wa jikarta zama a cinya. "Garin dai ya ƙare," in ji ta, tana kallon bango.

Ba ƙarya ta yi ba. Da uwar Kausar ta samu ciki aka kawo wa Ƙande yarinyar yaye, sai zawo ya kama ta, ta rame har wuya ya fito. A nan gidan likita na Dungas aka ba su ƙulli goma sha huɗu na wani gari, a riƙa zubawa a kunu. Fa'iza, ma'aikaciyar awon yara, ta ce ƙananan kifaye ne da masunta ke zubarwa can bakin teku, aka shanya, aka niƙa da wani ganye mai tsirowa cikin ruwan gishiri.

Ranar Ƙande ta cika ta da tambaya, don ita ko kaza ta ga tana ɗingishi sai ta san dalili. Wa ke shuka ganye cikin ruwa? Wa ke nome shi? Akuya na ci? Tambaya ɗaya ce kunya ta hana ta yi.

"To wa ya cinye?" Fa'iza ta ajiye biro.

"Ni."

"Ke, Inna?"

"'Yar nan, gidana gidan shanu ne. Yarinyar nan ba abin da take karɓa sai fura da nono. Mu kuwa tun muna yara muka ji kifi a kan nono kuturta yake kawowa. In hana ta nono, me za ta ci? In ɗora mata kifi, ɗiyar mutane ce, amana aka ba ni. Shi ne na ce bari in gwada a tsohuwar fata."

Kullum da safe sai ta juye ƙulli ɗaya a furarta ta shanye, ƙarni da komai. In rana ta ɗaga ta shimfiɗa hannuwa tana duban ko wani wuri ya yi fari, sannan ta tsira wa kowane yatsa allura ta ji ko da zafi. Kwana goma sha huɗu ba fashi.

Fa'iza ta so ta yi faɗa, dariya ta so ƙwace mata, tausayi ya danne duka biyun. Ta matso ta ja fatar idon tsohuwar ƙasa. Wancan zuwan fari fat yake, yau ga ɗan ja-ja.

"Jirin da kike fama da shi fa?"

"Ya yi sauƙi. Jiya ni na shayar da maruƙa, guga tara." Ƙande ta sunkuyo. "Kifin ne ko ganyen?"

"Wallahi ban sani ba, Inna. Abin da na sani, kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba abinci ba. In ma'aunin nan ya shiga ja sati mai zuwa, a babban gidan likita na Magariya za a kwantar da Kausar."

Ƙande ta kama hannun jikarta. Sai yanzu ta lura damtsen yarinyar bai fi kaurin muciya ba.

Fa'iza ta ƙirgo ƙulli bakwai. Ƙande ba ta jira sai ta koma gida ba. Ta buɗe kwanon furar da ta zo da shi, ta yage leda da haƙori, ta juye, ta dama. Hannunta da ya saba ya ɗauko ludayi ya nufi bakinta. Ta tsaya. Ta dubi yatsunta, suna nan goma lafiya lau, sannan ta juya ludayin zuwa bakin Kausar.

Kausar ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta haɗiye. Can sai ta sake buɗe baki.

"Sha, ƙawata," in ji Ƙande. "Sha huɗu na cinye miki."