Ƙofa Ta Huɗu, Ranar Talata

Da ƙungiyar manoman albasa ta wani yanki na Wurno ta ba Raihana aikin mayar da tsohuwar manhajarsu zuwa sabon yaren kwamfuta, sai ta ce mako biyu ya ishe ta. Ai ta yi karatu a Sakkwato, har da takardar yabo. Manhajar kuwa aikinta ɗaya ne: ta fitar da jerin ƙofofin ruwan da za a buɗe wa gonakin rani kowace rana. Kawu Maccido, tsohon akawun ƙungiyar, shi ya rubuta ta tun ba a haifi Raihana ba.

Wata uku ta yi tana fama. Kawu, Allah ya saka masa, bai bar bayani ko ɗaya ba. Ya sa wa abubuwa suna A, da AA, da AAA, wataƙila don kada mai karatu ya gaji. Can tsakiya ta ci karo da wani layi da ke rufe ƙofa ta huɗu duk Talata, babu dalili. Abin ya ba ta haushi, don ƙofar ce ke shayar da gonar mahaifiyarta, Inna Kaltume, wadda saura mako biyu a cire albasarta.

Ta je ta tambayi Kawu.

"Mi layin ga ka yi, Kawu?"

"Bar shi nan, ɗiyata, shina da aikinai."

"Wane aiki?"

Ya sosa gemu. "Wallahi na mance."

Raihana ta goge layin, tana murna ta ƙara wa uwarta ruwan kwana guda. Ranar da aka fara aiki da sabuwar manhajar, shugaban ƙungiya ya yi jawabi a kan ci gaban zamani, aka tafa.

Ranar Talata magudanar ƙofa ta huɗu ta cika maƙil. Malam Bube, makiyayi daga Kwargaba, ya iso da shanu arba'in zai ƙetare zuwa kasuwa, kamar kowane mako. Shanun, da yake ba wanda ya sanar da su an sauya yare, suka ga ruwa mai zurfi suka bi gefe neman gada. Gefen kuwa gonar Inna Kaltume ne.

Bube bai ɗaga murya ba. "Tun ga babana anka yi alkawarin ga," ya ce wa mutanen da suka taru. "Talata a bar muna hanya busassa. Mun ɗauka rubuce shike."

A rubuce yake kam, a wuri ɗaya tak a duniya, kuma Raihana ta san inda ta kai shi. Kunya ta kama ta, ta kasa duban kowa.

Inna Kaltume ta duƙa tana tsintar albasar da kofato bai fasa ba. Ba ta cika kwando ba.

"Shekara talatin ina zagin Talata," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Ashe ita ka yi min gadi, har ɗiyata ta gama karatu taz zo tas sallame ta."