Shirun da Babayo Ya Yanke

Har gobe in na tuna abin da Babayo ya yi wa Dogara, sai haushi ya kama ni.

Dogara makaɗin fiyano ne, mutumin Jos. Shekara ashirin yana kaɗa jaz a otal-otal na Guangzhou ta ƙasar Sin, har sanyin ƙashi ya fara murɗe masa yatsu. Kafin su ƙi shi gaba ɗaya, ya shiga situdiyo ya naɗi kiɗa bakwai masu sanyi, irin na mai waiwayen rayuwarsa. Matarsa Shatu na zaune a gefensa ranar. Bayan wata uku ta rasu, situdiyon kuma ya koma shagon takalma.

Fulashi ɗaya tilo mai ɗauke da kiɗan ya rage. Ya ba amininsa Babayo, mai sarin wandunan jins a Xintang, ya kai kamfani a buga masa faifai ɗari.

To, Babayo ba ya karɓar kaya sai ya duba samfur. Zare ɗaya ya fito a wando, sai ya mayar da dila sukutum. Haka ya sa wa kiɗan nan kunne, kamar mai duba ɗinki.

Ina gidan Dogara sai ga Babayo ya shigo da kwalin faifan, yana washe baki.

"Yaya, ai 'yan situdiyon nan sun cuce ka! Duk ramuka ne a ciki. A yi tin-tin, a yi shiru, har da tarin wata mata. Na ce wa laoban, mai kamfanin, ya yanke su ya haɗe. Ko kwabo bai ƙara ba."

Muka kunna. Kiɗan na ta bin juna a guje, kamar awaki sun ga ƙofa a buɗe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wallahi ƙyamar mutumin ta kama ni, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana jiran godiya. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Dogara ya ce, "Ina na asalin?"

"A kansa aka gyara mana. Me za ka yi da mai lahani?"

"A kiɗa na biyar na tsaya, na rasa inda zan bi. Shatu ta yi tari, ta ce, ci gaba, ina ji."

Babayo ya sosa ƙeya. "Shi ne ma ramin da ya fi tsawo."

Dogara bai ko dube shi ba. Ya sake kunna na biyar, ya kasa kunne har wurin ya wuce. Ba wanda ya ce masa ya ci gaba.