Ɗumin Moton Keken Surfani

Wata uku mijinta ya yi yana haɗa wa kekenta na surfani akwatin daidaita wuta. Moton keken taki-taki yake juyawa, da wuta ta yi sama ko ƙasa sai ya ɓata mata zane. Ranar da ya gama, ya ɗora tafinta a kan moton.

"Kin ji ɗumi? Yanzu wuta daidai take shigarsa, ko yana tsaye."

Tun rasuwarsa ba ta ƙara ɗinki ba, amma kullum sai ta kunna akwatin.

"Mama, ki kashe mana, tunda ba aiki kike ba," in ji 'yarta.

"Kar ki taɓa! Hannun babanki a cikin nawa ya yi sanyi. Wannan moton kam ba zan bari ya yi sanyi ba."