Ɗari Huɗu da Sha Biyu

A wurin aiki Mai Makulli suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Cibiyoyin bincike bakwai ne suka haɗa kai suna auna ruwan sama, dukansu kuma da manhaja ɗaya suke tace alƙalumansu. Ni ke harhaɗa manhajar, ni ke fitar da sabuwar siga duk bayan wata uku. Kwana goma kafin fitarwa nakan kulle komai, ko waƙafi ba wanda zai taɓa. Matata kan ce ko murfin tukunya na ga ya karkace sai na tambayi wa ya buɗe.

Ina da al'ada guda. Kafin in saki kowace siga, sai na zuba mata wani tsohon samfurin alƙaluma da na ajiye tun shekara uku. Amsar kullum ɗari huɗu da sha biyu ce. Har a takarda na rubuta lambar na manna a goshin allon kwamfutata. In ta fito, an wuce. In ba ta fito ba, wani ya yi ɓarna.

Ran Alhamis da safe, ana gobe fitarwa, sai ta ba ni ɗari huɗu da sha tara.

Na sake harhaɗawa daga tushe, sha tara. Na koma ɗaya kwamfutar, sha tara ɗin dai. Ga shi wata mai zuwa za a zauna kan sabunta kwantiragina, kuma abin da kawai nake taƙama da shi ke nan: a hannuna ba a taɓa fitar da gurɓatacciyar siga ba.

Na bi rajistar canje-canje layi-layi. Can na tsinci wani ɗan gyara da aka shigar kwana biyu bayan kullewa, an yi masa laƙabi da "gyaran rubutu". Gyaran rubutu a ina? A fayil ɗin da ke juya inci zuwa milimita ne, saboda cibiyoyi biyu har yau da tsoffin ma'aunai suke aiki. An mayar da 24.5 ta koma 25.4.

Mu uku ke da izinin shiga bayan kullewa: ni, da Farfesa shugabanmu, da Dakta mai lissafin alƙaluma. Farfesa ko kalmar sirrinsa sai ya kira ni na tuna masa. Saura Dakta. Nan take abubuwa suka dinga dawo mini. Ita ce ke da maƙalar da take so ta nuna ruwa ya ƙaru. Ita ce ta kawo mini shayi ran Litinin, abin da ba ta taɓa yi ba. Jiya ma da muka haɗu a matakala, gaisuwar tata ta yi tsawo da yawa. Na ce a raina, wato da shayi za a saye ni.

Na same ta a ofishinta tana ɓare lemo da wuƙa a kan tsohuwar jarida. Ta girme ni da kusan shekara goma, don haka na danne zuciyata.

"Dakta, ke kika taɓa fayil ɗin ma'auni bayan na kulle?"

"Ni ce, Malam. Zauna mana."

"A tsaye ma ina ji. Maƙalarki ce ke neman ƙarin ruwa, shi ya sa?"

Ta ajiye wuƙar, ta dube ni ta saman gilashinta. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

"Inci ɗaya milimita nawa ne?" in ji ta.

Na buɗe baki zan ce ashirin da huɗu da rabi, sai na tsaya. Ta jawo rula daga cikin durowa ta tura mini. Na duba gefe biyun. Ashirin da biyar ne da ɗan ɗori.

"Wa ya rubuta fayil ɗin nan tun farko?" ta sake tambaya, a hankali.

Ni ne. Makona na farko a aikin, da hannuna na buga shi, na juya lambobi biyu. A kan wannan kuskuren na gwada samfurina, ya ba ni sha biyu, na manna a allo. Shekara uku ina gadin lambar, ina mayar wa mutane da aikinsu idan ta motsa.

Na zauna a kujerar da na ƙi ɗazu.

"Na san zancen kwantiraginka," ta ce. "Na ce bari in gyara shiru, kowa ya huta. Na manta kai ba ka barin komai ya wuce."

"Maƙaloli nawa aka buga da tsohuwar lambar?"

"Huɗu. Ɗaya tawa ce."

"In aka yi shiru, haka za su zauna."

Ta miƙo mini ɓarin lemo, na karɓa don ban san me zan yi da hannuna ba. Na ba ta haƙuri a kan maganar maƙala, ta ce ya wuce.

Na koma teburina na cire gyaranta, na sake shigar da shi da sunana. A bayanin fitarwa, layin farko, na rubuta abin da ya faru, da wanda ya yi shi, da maƙalolin da ya shafa. Sau uku ina goge "ni ne" ina mayarwa. Daga ƙarshe na aika wa cibiyoyin bakwai gaba ɗaya.

Na ɓamɓare takardar da ke goshin allon, gam ɗin ya bar tabo. Ban gama kankare shi ba wayar tebur ta fara ƙara, lambar ofishin Farfesa ce. Na goge hannuna a wando na ɗauka.