Aron Kujera

Sakatar ta yi ƙara da na tura ta, irin ƙarar nan mai kashe haƙori. Na tsaya riƙe da ita ina kasa kunne kamar ɓarauniya a cikin gidana. Motar 'yan talabijin ta riga ta tsaya a ƙofar gida, ina jin suna sauke kayan aikinsu.

"Auta," in ji Yaya daga cikin ɗakin, "yau har da kullewa?"

"Awa ɗaya ce kawai, Yaya. Ga ruwa nan, ga rediyonka. Ka sha maganin rana?"

"Na sha. To, kujerata fa?"

"Ara na yi. Yanzun nan zan dawo maka da ita."

Na gyara mayafina, na ɗauki kujerar na nufi falo, ina ƙoƙarin ɗora murmushi a fuskata tun kafin in isa.

* * *

Yaya shi ne babban wana. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe ni, da zarto da guduma ya kai ni har jami'a. Ina shekarar ƙarshe ciwon ya same shi, ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Masu kawo masa aiki suka ɗauke ƙafa, dangin matarsa suka zo suka tafi da 'yarsu. Inna ta mayar da shi ɗakin baya, ta koya mana amsar da za mu ba duk mai tambaya: ya yi tafiya. Da ta rasu, na gaji Yaya, na kuma gaji amsar.

Wata rana, lokacin ina tsakiyar karatun digiri na uku a ilimin halayyar ɗan Adam, na same shi a tsakar gida yana haɗa wannan kujera, hankalinsa kwance, har yana fito.

"Muryoyin sun daina zuwa ne, Yaya?" na tambaye shi.

"Ina! Suna nan daram. Da can korar su nake yi, in toshe kunne, su kuma su ƙara ihu. Shi ne na ce bari in yi musu wurin zama. In sun zo, in ce sannunku da zuwa, ga kujera. Su yi ta surutunsu, ni in yi aikina."

Nan take na ruga na nemo biro.

Shekara goma sha tara ke nan ina cin abinci da wannan magana. Na gwada ta a kan masu ciwon baya da ba ya jin magani, da ɗaliban da tsoron jarrabawa ke hana su barci, da ma'aikatan jinya da suka gaji da ganin mutuwa. Na koya musu su ajiye kujera a gefensu, su lura da numfashinsu, su bar damuwar ta zauna, su kuma ci gaba da abin da yake da muhimmanci a gare su. Na auna, na ƙirga, na rubuta, aka buga. A kowane taro sai na yi bayanin da aka san ni da shi, cewa haƙuri daban, karɓa daban. Abin da muke kira haƙuri sau da yawa haɗiyewa ne da rufe ƙofa, ita kuwa karɓa ita ce ka dubi abin ido da ido ka ce masa ga wuri. Mutane su yi ta tafi, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

A takardata ta farko, Yaya shi ne "majiyyaci na ɗaya, namiji, ɗan shekara arba'in". Ban taɓa neman izininsa ba. Abokan aikina da muka yi shekaru muna shan shayi tare sun san sunan kowane ɗa nawa, amma babu wanda ya san ina da wa.

* * *

'Yar jaridar yarinya ce mai fara'a, ta karanta aikina fiye da yadda na zata. An ƙara mini girma zuwa farfesa a makon, shi ya kawo su. Mai ɗaukar hoto ya ja labule, ya kunna fitila, ya ajiye kujerar Yaya a gefena babu kowa a kanta.

"Kai, wannan kujera ta yi kyau," in ji shi, yana shafa ta. "Ko ƙusa ɗaya babu. Yanzu ina ake samun irin wannan hannu?"

"Tsohon aiki ne," na ce, na juya ga yarinyar.

Hira ta yi daɗi. Na yi maganar sassaucin zuciya, yadda mai lafiya ba shi ne wanda ba ya jin zafi ba, shi ne wanda zafin bai hana shi tafiya ba. Har na ɗaga yatsa na ce babban ciwon da ke damun gidajenmu ba larurar ƙwaƙwalwa ba ce, ɓoye mai ita ne. Yarinyar ta gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa.

"Farfesa, akwai tambayar da na daɗe ina so in yi miki," in ji ta. "Wannan majiyyaci na ɗaya, wanda ya fara maganar kujera, yana raye? Mun so a ce mun ji daga bakinsa."

Daidai nan aka ƙwanƙwasa. Sau uku, a hankali, yadda Yaya ke ƙwanƙwasa katako in yana son ya ji ko yana da lafiya. Tsakanin falo da ɗakin baya taku goma ne, kuma na bar ƙofar tsakiya a buɗe.

"Auta," muryarsa ta zo ƙasa-ƙasa. "Auta, sun zo."

Mai hoto ya cire abin kunnensa ya dube ni. Na san me Yaya yake nufi. Muryoyin sun zo, kuma wurin zamansu yana nan a gefena ana haska shi da fitila. Na san sunan abin da nake ji, ni da nake koya wa mutane su kira shi da sunansa. Kunya ce. Ga ta ta zo, ga kujera, ga kuma tambayar da amsarta take taku goma daga inda nake. Abin da ya rage kawai in tashi in zare sakata.

Amma sai na hango fuskokin abokan aikina, na ji ana raɗa a ofis cewa ashe a jininsu abin yake.

"Ku yi haƙuri," na ce, ina dariya. "Kafinta ne, yana gyara mana ƙofar baya." Na juya ga yarinyar. "Shi kuwa wancan bawan Allah, mun daɗe da rabuwa. Ban san inda yake ba."

Ba a sake ƙwanƙwasawa ba. Muka ƙarasa hirar lafiya, har suka ɗauki hotona na dafa kujerar.

* * *

Awa ɗayar ta zama uku. La'asar ta yi lokacin da na zare sakatar, ta sake yin ƙarar nan. Na same shi a tsaye a jikin bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannayensa biyu a kan kunnuwansa. Rabon da in gan shi haka tun Inna tana da rai. Na ajiye kujerar a tsakiyar ɗakin. Ya daɗe yana kallon ta kafin ya sauke hannuwan.

"To, ga ta nan ta dawo," ya ce, ba da ni yake ba. "Na gaya muku ƙanwata ce ta ara. Ku zauna."

Numfashinsa ya fara daidaita. Na buɗe baki, duk kalmomin da na tara a shekara goma sha tara suka gudu suka bar ni.

"Yaya..."

"Baƙin naki sun tafi? An yi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Na ji kin ce musu kafinta ne." Ya ɗan yi murmushi. "An daɗe ba a kira ni haka ba."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya raɓa ni ya fita, na ji yana buɗe akwatin kayan aikinsa a tsakar gida. Ya dawo da 'yar kwalbar mai da tsumma, ya durƙusa a bakin ƙofar daga waje.

"Me za ka yi, Yaya? Bar shi, don Allah."

"Kin ce musu gyaran ƙofa nake yi. Ba na so ki zama kin yi ƙarya a gaban mutane, ke da ake jin maganarki."

Ya ɗiga man, ya goge tsatsar, ya ƙara ɗigawa. Ya tura sakatar, ya zare, ya sake turawa, kunnensa a kusa da ita. Sannan ya miƙe yana share hannu, ya matsa gefe.

"Gwada ki ji, Auta. In wasu baƙin sun zo, babu wanda zai san kin kulle."

Na sa hannu na tura. Ta shige sulluɓ, ko ƙis ba ta yi ba.